Tsuntsayen da sunka cika tabkin Tabalak cikin ɗarin nan, daga ina suke?

Ƙanena, tambayar taka uku ce a ƙunshe wuri guda. Ka ce tun da ɗarin nan ya kama ƙarshen Nuwamba ka bi ta Tabalak ka tarar tabki ya yi baƙi ƙirin da tsuntsayen da ba ka ganinsu da damina, shamuwa kuma ta ɓace, ƙadangaru ma sun yi tsit, shi ne kake so ka sani ko sanyi ne ya koro waɗanga ya kori waɗancan, kuma ina mutum zai tafi da wane lokaci in shina son kallonsu da kyau. To zan ba ka abin da na sani daga aikin gandun daji da kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa da ake yi kowane Janairu, wadda na daɗe ina shiga.

Sanyinmu bai kawo ko tsuntsu guda ba. Baƙin da ka gani mafi yawansu sun iso tun Satumba da Oktoba, lokacin ana cikin zafin kaka ana yankan hatsi babu mai ɗaga kai ya dubi sama, kuma sa'annan ruwa na ko'ina, kowace ƙaramar fadama da kududdufi da ramin gefen titi akwai ruwa ciki, sai su watsu biyar nan goma can ba wanda ya lura. Yanzu da iskar hunturu ta fara kaɗawa ƙananan tabkuna sun ƙafe cikin ƴan makwanni, abin da ya rage sai manyan wurare irin su Tabalak da Abalak da Ɗan Dutsi wajen Bagarwa da madatsun ruwa na wajen Ƙonni. Duk wanda ke son ruwa dole nan zai zo, da tsuntsu da saniya da mai garka. Taruwarsu ce ta faɗo daidai da ɗari, shi ya sa ido ke haɗa su biyun.

Can ƙasashen Turai ma da sunka baro, ba sanyin kansa ba ne ya fi ƙarfinsu. Jikin tsuntsu ya fi namu zafi, wajen digiri 40 zuwa 42 yake, kuma gashinsa na riƙe ɗumi sosai. Yunwa ce ke tada su. In ruwa ya daskare agwagwa ba ta da inda za ta sa baki, in ƙwari sun mutu mai cin ƙwari ya shiga uku. Kuma ba su tsayawa sai abin ya faru, gajartar yini ce ke gaya ma jikinsu lokaci ya yi, sai su duƙufa ga ci babu ƙaƙƙautawa, ɗan tsuntsun da bai wuce giram 12 ko 15 ba sai ya tara kitse har ya kusa ninka nauyinsa, da wanga kitsen ne zai ƙetare Bahar Rum ya ƙetare Sahara wadda faɗinta ya kusa kilomita 2,000, yawanci da dare yake tafiyar. Daren da mu nan Tawa muke rawar ɗari a digiri 12 ko 13 muna jan bargo ana hura wuta a tsakar gida, ga wanda ya fito Rasha ko Finlan wannan ai hutu ne.

Abin da ɗari ke yi shi ne ya canza masu tsarin yini. Ka fita da safe wajen ƙarfe bakwai rana na fitowa ka dubi wayar lantarki ko kan katanga, za ka ga kurciya ta kumbura ta yi sumul kamar ƙwallo, ta cusa wuya cikin kafaɗu, ta ba rana ƙirji, ƙafa guda ma wani lokaci ta naɗe ta cikin gashi. Yara na cewa ba ta da lafiya har su ɗauko danƙo. Lafiyarta lau, gashin ta buɗe don iska ta shiga tsakani ta riƙe mata zafi. Ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari kuwa ba su motsi sosai sai rana ta taɓa kan itace ƙwari sun fara tashi, shirwa da sauran masu shawagi su kuma sai ƙasa ta ɗauki zafi wajen tara ko goma iska mai ɗumi ta fara hawa sama sannan su samu abin hawa. Ranar da hazo ya rufe sai ka ga shirwa zaune bisa itace har hantsi ya wuce tana jiran abin da bai zo ba.

Yanzu mu dawo bakin tabki, don ba duk wanda ka gani can ne baƙo ba. Waɗanda sunka fi yawa da surutu, masu farar fuska da dogon wuya da ke tsaye cirko-cirko a gefen ruwa suna fito sau uku a jere, kirinjijiya ce, ƴar gida ce, nan Afirka take hayayyafa da damina. Dinya ma tamu ce, wagga babba baƙa mai farin ciki da jan baki. Haka balbela, haka zakaran ƙeƙuwa da ke tona maka asiri tun kana nesa, haka kazar ruwa mai dogayen yatsu da ke tafiya bisa ganyen bado. Kwasakwasa na biyowa in kifi ya yi yawa. Gauraka kuwa in ka ga ko biyu ka gode Allah, da can ana ganinsu garke-garke a fadamu, yanzu kamu don a kai gidajen masu kuɗi da ƙafewar wuraren da suke ƙwai sun rage su ƙwarai.

Baƙin su ne waɗanda ke can tsakiyar ruwa a cunkushe, ba su cika hawa tudu ba. Akwai wata ƴar ƙaramar agwagwa ruwan ƙasa, a littafin Faransanci sarcelle d'été, ita ce kusan duk jama'arta ta Turai da yammacin Rasha ke kwashewa ta zo kudancin Sahara, manyan matattararsu su ne fadamar kogin Kwara a Mali da bakin kogin Senegal da tabkin Cadi da Haɗeja-Nguru, mu kuma tabkunanmu na samun rabonsu. Yanzu a Nuwamba namiji da mace kusan kamarsu ɗaya, ba za su burge ka ba, amma ka koma ƙarshen Janairu ko Fabrairu za ka ga namijin ya fitar da farin layi mai lanƙwasa daga saman ido har ƙeya, alama ce ta cewa tafiya ta kusa. Da rana barci suke yi, da dare suke fita kiwo cin ƴaƴan ciyawa da na bado, shi ya sa wanda ya je da azahar sai ya ce ai ragwaye ne. Kusa da su akwai wata doguwa mai siririn wuya da wutsiya mai tsini, canard pilet. A taɓon gefe kuma za ka ga masu dogayen ƙafafu suna caccakar laka, akwai baƙi da fari mai jajayen ƙafafu sirara, akwai kuma wani toka-toka mai yawan gaske da ke tashi garke guda ya juya lokaci ɗaya, combattant, wanda namijinsa ya fi macen girma sosai har mutum ya ɗauka iri biyu ne. Zalɓe ma da kake gani tsaye shiru ba duka ne namu ba, da yawansu a Turai anka ƙyanƙyashe su.

Ka lura da wani shaho ruwan ƙasa mai ɗan farin kai da ke bin saman kacala ƙasa-ƙasa, fukafukai a ɗage sama, shina tangaɗi hagu da dama. Shi ma baƙo ne. Da ya ɓullo duk agwagin sai su tashi gaba ɗaya, kuma mu masu ƙidaya wani lokaci haushi yake ba mu wani lokaci taimako, don shi ke fito mana da waɗanda sunka ɓoye cikin ciyawa.

Ni dai abin da ya fi ba ni sha'awa ba a ruwa yake ba, a gonakin da anka gama girbi yake. Akwai ɗan'uwan wanga shahon, siriri toka-toka mai baƙin bakin fiffike, busard cendré, shina bin saman kara da sabara yini guda, abincinsa a nan kusan duk fara ce. Masu bincike daga Holan sun liƙa ma wasunsu na'ura sun bi su har cikin ƙasarmu, sun ga tsuntsu guda na komowa wuri guda shekara bayan shekara, kuma da wurin ya bushe fara ta ragu sai ya gusa kudu inda sauran kore yake. Manomin da ya san wannan ba zai bari yaro ya harbe shi ba. Akwai ɗan rawayan nan mai kaɗa wutsiya da ke bin ƙafafun shanu shina cafke ƙudan da sunka tayar, makiyaya duk sun san shi. Akwai kuma wani ɗan mitsitsi da ke tsayawa bisa tudun gara ko dutse a miƙe, in ya tashi sai ka ga fari fat a gindin wutsiya, traquet motteux. Nauyinsa wajen giram 25, amma an tabbatar wasu daga cikinsu daga arewacin Kanada suke tasowa su ƙetare teku su zo yammacin Afirka, na Alaska kuma su bi ta Asiya su sauka gabashin Afirka, tafiyar sama da kilomita 14,000 zuwa kawai.

In kana son ganin ƙananan baƙi da yawa wuri guda, nemi gawo. Kowa ya san gawo saɓanin sauran itatuwa yake, da damina ya kaɗe, da kaka ya yi ganye ya yi fure, to daidai lokacin da baƙin ke sauka da yunwa shi ne ke cike da tsutsa da ƙananan ƙwari. Ka zauna ƙarƙashin babban gawo wajen ƙarfe takwas ka ɗaga kai ka yi haƙuri minti goma, za ka fara ganin ganye na motsi inda babu iska, ƴan tsuntsaye masu ruwan toka da kore-kore suna bin reshe suna leƙa bayan kowane ganye, ba su kuka sai ɗan "tak tak". Bagaruwa da farar ƙaya da aduwa ma suna tara su, dogon yaro kuwa da turare da muke cika gari da su kusan babu abin da suke samu ciki, sai inuwa. Wannan na cikin dalilan da nake cewa mai barin ƴan gawo su tashi cikin gonarsa ya fi mai dasa dogon yaro ɗari amfani, ko ba don tsuntsu ba don taki da abincin dabbobi.

Kuma abin da ke faruwa nan ana jin shi can. Bayan ƙarancin ruwan da anka yi a Sahel a 1968, da bazarar Turawa ta 1969 ta zo masu ƙidaya a Ingila sun tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke cika masu shinge ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, a shekara guda. Sun yi ta neman dalili a gida ba su samu ba, ashe nan wajenmu ya mutu. Fari na 1973 da na 1984 ma haka sunka yi ma zalɓe da agwagi da wasu da dama. Saboda haka in shekara ta yi ruwa tabkuna sun cika, ka sa ran baƙi da yawa su koma gida lafiya.

Shamuwa kuma ba sanyi ya kore ta ba, ta riga shi tafiya. Ita ruwa take bi. Tana zuwa mana wajen Afrilu da Mayu gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa cikin gari bisa tsamiya ko gawo, ta ci fara da tsutsa da kwaɗi ta yaye ƴaƴanta, da ruwa ya ɗauke wajen Oktoba sai ta nufi gabas da kudancin Afirka, ta ƙetare tsakiyar duniya ta je inda damina ke farawa lokacin. Kada ka haɗa ta da babbar farar nan mai jan baki da jajayen ƙafafu da baƙin fiffike da za ka iya gani yanzu a fadama ko wurin da anka ƙona ciyawa, wannan ta Turai ce. Ita ba ta iya doguwar tafiya bisa teku don shawagi take yi da iska mai ɗumi, sai ta bi ta mashigar Jibralta tsakanin Sifen da Maroko, na gabas kuma su bi ta Turkiyya. Ita ce ma ta fara nuna ma Turawa inda tsuntsayensu ke ɓacewa, a 1822 an harbo wata a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, har yau tana ajiye a jami'ar Rostock. Kafin nan akwai masu ilimi da ke rantsuwa cewa tsattsewa cikin taɓo take kwana har sanyi ya wuce.

Ƙadangaru ne kawai zancenka ya yi daidai a kansu, su kam sanyi ne. Ƙadangare da maciji da damo da guza jikinsu ba ya yin zafin kansa, daga rana suke ara. Shi ya sa da safe ba ka ganin ko ɗaya, sai wajen goma ka ga ƙadangare ya lallaɓo ya manne a katangar da ke kallon gabas, launinsa ya dushe, jan kan nan na damina babu shi. Damo ya shige rami ba zai fito sosai ba sai an doshi ruwa. Bushiya ma tana rage fita. Amma kada wannan ya sa ka saki jiki da maciji, bai tafi ko'ina ba, ɗumi yake nema, kuma ɗumin na cikin tarin kara da ƙarƙashin damman hatsi da gindin rumbu da tarin duwatsu. Kububuwa ƴar ƙarama ce kuma launinta na ƙasa ne, in za ka ɗaga wani abu a daji tura shi da sanda tukuna, kuma ka sa takalmi rufaffe. Zomo da kurege da dila da yanyawa kuwa yanzu ne ma aka fi ganinsu tunda ciyawa ta kwanta, in ba ka gan su ba ka duba sawu a taɓon bakin tabki da sassafe kafin garke ya tattake, nan ake sanin wa ya sha ruwa da dare.

Batun inda za ka je, tunda kana Tawa Tabalak ta fi sauƙi, kilomita wajen 50 ce bisa hanyar Agadas kuma titi na bin gefen ruwan. Ita da Ɗan Dutsi duka an sa su cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2005. Ka isa wajen bakwai da rabi, ka tsaya ta gabashin ruwa rana na bayanka, in ka tsaya tana fuskarka duk tsuntsu baƙi zai zame maka. Da la'asar sai ka koma ta yamma. Kada ka sa farar riga kada ka sa ja, sa mai ruwan ƙasa, ka ɗora rigar sanyi don iskar bakin ruwa ta fi ta gari cizo. Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye, bi a karkace kamar mai wucewa, ka samu gindin itace ka zauna. Na sha lura ba su damuwa da mai jaki ko mai ban ruwa a garkar albasa, sun saba da su, amma mutum ya tsaya cak shina kallonsu sai su tashi. In ka samu masunci ya yarda ka zauna kusa da shi, ka fi kowa gani, kuma zai gaya maka abubuwan da babu su a littafi, wace rana kwasakwasa ta sauka, wane lungu agwagi ke kwana.

Jumel, wato madubin hangen nesa, in za ka saya nemi mai lamba 8x42 ko 8x30, kada a ruɗe ka da waɗanda anka rubuta ma 20 ko 50 a kasuwa, hannu na rawa ba ka ganin komai. Ka riƙa sa ta cikin leda saboda ƙura, kuma kada ka goge gilashin da bakin riga, hura shi tukuna. Sannan ga wata magana da ta fi jumel ɗin muhimmanci a halin da ƙasa ke ciki: kafin ka fito da ita ko ka ɗaga waya kana hoto, je ka gaida maigari ko sarkin ruwa ka faɗi abin da ya kawo ka, kada ka yi kusa da gada ko shingen jami'an tsaro da ita, kuma ka tambayi lafiyar hanya kafin ka wuce wuraren da ka sani. Ka dawo gida kafin magariba.

Ƙidaya ba ta da wuya in ka san dabarar. Ba a ƙirga garke ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga goma daga gefe ka ga faɗin wurin da sunka ci, sai ka riƙa aza wanga faɗin bisa sauran, goma, ashirin, talatin, in garken babba ne ka kai ɗari sannan ka riƙa aunawa da ɗari-ɗari. Ka yi sau biyu ka ɗauki tsakiya. Sabon shiga kullum ragewa yake yi in garke ya yi yawa, sai ya ce ɗari biyar alhali sun fi dubu. Ka rubuta rana da wuri da ƙarfe nawa da yanayin hazo cikin ɗan littafi. Wannan ƙidayar ta Janairu da na ambata tun 1967 ake yin ta a duniya, kuma Nijar an rubuta mata tsuntsaye sama da iri 500, amma yankinmu na Adar masu rubutawa kaɗan ne, saboda haka ɗan littafinka na da daraja. In kana da intanet kana iya zuba abin da ka gani a eBird, shafin da masu kallon tsuntsaye na duniya ke rubuta abin da sunka gani.

In hanya ta kai ka Yamai lissafin ya juye. Mu nan ruwa na ja baya, can kogi cika yake yi, don ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini da damina sai ya ratsa fadamar Mali a hankali ya iso Yamai wajen Disamba da Janairu. Saboda haka tsibiran yashi na nutsewa, tsuntsaye sai su koma gonakin shinkafa na wajen Saga da Kirkisoye da Libore, can za ka same su. Dorina kuma cikin ɗari takan daɗe a waje tana shan rana, ana ganinta wajen Bubon da Ayoru har kusa da birni wani lokaci, kada ka yarda mai jirgi ya matsa da kai kusa don hoto, musamman mai ɗa. Raƙuman dawa na Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai, su ma gawo suke bi, da rani sukan sauko daga tudu zuwa Dallol Boso. A 1996 saura 49 kacal sunka rage, yanzu sun haura 600, har an ɗebi 8 an kai Gadabeji a 2018. Amma tun harin da anka kai can a Agusta 2020 zuwa wurin ba na kai-tsaye ba ne, sai ka tambayi hukuma.

Wata rana za ka iya cin karo da tsuntsu mai zobe a ƙafa ko wata ƴar na'ura a baya, ko yara su kawo maka. Ba ɗan leƙen asiri ba ne kuma zoben ba zinariya ba ne, alminiyom ne ko ƙarfe, akwai lamba da sunan gari ko gidan ajiye kayan tarihi na ƙasar da ta sa shi. Ɗauki hoton lambar duka, rubuta rana da wuri, kai ma ma'aikatan gandun daji, in shina da rai a sake shi. A 2017 wata ƙungiya a Folan ta sa ma farar shamuwar nan na'ura mai katin waya, a 2018 tsuntsuwar ta ɓace a Sudan, wani ya cire katin ya sa a wayarsa ya yi ta kira, sai ga takardar biyan kuɗi ta sama da dala 2,000 ta Amurka ta iso masu. Abin dariya ne amma kada a ji irinsa daga Tawa.

Akwai wanda ba ka tambaya ba amma ya kamata ka lura da rashinsa, angulu. Mu da muka taso kowace mahauta da kowace kasuwa cike take da su har ana kora, yau sai ka yi wata ba ka ga ɗaya ba. Tun 2015 an sa angulun gari cikin jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, guba da ake sa ma mushe don kashe dila da karnuka na kashe su da yawa lokaci guda, ga masu sayen kai da ƙafafu don magani. Dokar farauta ta 1998 na nan, farauta sai da takarda kuma da lokacinta, amma gaskiya ma'aikaci guda da babur guda ba zai tsare tabki mai tsawon kilomitoci ba. Masu zuba hatsi mai guba a bakin ruwa don kwasar agwagi su sayar su ne sunka fi ba ni tsoro, don naman na ƙarewa cikin tukunyar mutane.

In kuma ka tarar da tsuntsaye matattu da yawa wuri guda, kada ka ce ɗari ne ya kashe su, ɗarinmu bai kashe tsuntsu mai lafiya. Ko guba ce ko cuta, kuma murar tsuntsaye ta taɓa shigowa ƙasar nan, a Magarya anka fara tabbatar da ita a Fabrairu 2006, ta kuma sake dawowa bayan nan. Kada ka taɓa da hannu, kada ka bari yara su ɗauka ko kare ya ja zuwa gida inda kaji suke, ɗauki hoto daga nesa ka sanar da likitan dabbobi ko ofishin gandun daji mafi kusa a ranar.